Neman Iƙamar Ƙasar Holan Daga Bakin Kogin Shari

Duk wanda ya san tarihin hanyar gabas, watau hanyar da alhazan ƙasar Hausa da Barno suka riƙa bi da ƙafa da jakai kafin jirgin sama ya sauƙaƙa wa jama'a sauke farali, ya san cewa garin nan da ke mahaɗar kogin Shari da na Logon, wanda Faransawa suka kafa a 1900 suka raɗa masa Fort-Lami don tunawa da kwamandansu da ya faɗi rana ɗaya da Rabe a yaƙin Kusuri, kuma Shugaba Tombalbaye ya sauya masa suna zuwa Njamena a 1973, ya daɗe da zama masaukin masu niyyar wucewa. Nan ayari kan yada zango, a sayar da abin sayarwa, a yi ɗinki ko fawa ko wanzanci har a tara guzuri, sa'an nan a nufi Ati da Abeshe, a shiga Darfur ta Adre da Jinaina, a bi ta Fashir da Ubayyid har Sawakin ko Bur Sudan, inda ake tsallake Bahar Maliya zuwa Jidda. Waɗansu sun wuce da wuri, waɗansu sai bayan shekaru, waɗansu kuwa Allah bai nufe su da wucewa ba, suka yi aure suka hayayyafa, kuma jikokinsu ne Hausawan da baƙo yake tararwa yau a kasuwannin birnin, suna ciniki da Larabcin Chadi, suna lissafi da riyal, in sun koma gida su juya harshen kakanninsu.

A gidan ɗaya daga cikin jikokin nan na sauka, wani dattijo mai fataucin fatu da ƙiraga, wanda zumunta ta haɗa mu ta wajen uwa. Na biyo hanyar Maiduguri da Dikwa da Gamboru, wadda fitinar Boko Haram ta daɗe da mayar da ita abin tsoro, na ratsa ɗan siririn yankin Kamaru daga Fotokol zuwa Kusuri, na haye gadar Ngeli cikin tsakiyar bazara, lokacin da zafin garin kan haura digiri 40 tun kafin azahar. Da yake dokar Chadi ta wajabta wa baƙo ya kai kansa ga hukumar shige da fice cikin awa 72 da shigowarsa, washegari Alhaji ya ɗauke ni muka je, aka karɓi hotunana, aka rubuta sunansa da unguwarsa a matsayin mai masaukina, aka buga mini hatimi a fasfo. A hanyarmu ta komowa ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ga taka ta ƙare kafin la'asar. Ɗanka kuwa tun kaka yake bin tasa, har yau ba ta zo hannu ba."

Ɗan nan nasa injiniyan ruwa ne, wanda ya yi firamare da sakandare da Faransanci a Njamena, ya yi jami'a da Turanci a Najeriya, kuma abin da yake bi tun kaka shi ne iƙamar ƙasar Holan, inda wata makarantar ilmin ruwa ta garin Delft, wadda ake kira IHE, ta ba shi gurbin karatun digiri na biyu. Neman irin wannan ilmi wajibi ne ga ɗan Chadi, domin ƙasarsa tana tsakanin jarrabawa biyu masu kishiyantar juna. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a zamanin da Tafawa Ɓalewa da Hamani Diori da Ahmadu Ahijo da Tombalbaye suka kafa hukumar kula da shi a wannan birni ranar 22 ga Mayu, 1964, ya janye da kusan kashi 90 cikin 100 sakamakon farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Alhali kuwa kogunan da ke ciyar da shi su ne suka tumbatsa a 2022, suka sake a 2024, har ambaliya ta biyun ta shafi mutum kusan miliyan 2 a faɗin ƙasar. Yaron ya goya ni a babur zuwa Waliya, unguwar da ke matse tsakanin kogunan biyu, ya nuna mini zanen da ruwa ya bari a jikin katangun bulo, daidai ƙirjin namiji tsayayye, da ragowar buhunan yashi da rana ta yayyaga a bisa shingen ƙasa. Ya ce, "Kawu, ruwan nan sai ya yi makonni yana tafe daga kudu. Wanda ya iya karanta ma'aunin Sar da na Bongor ya san ranar da zai iso mu."

Mutanen Holan kuwa a wannan fanni babu mai ja da su, domin fiye da rubu'in ƙasarsu yana ƙasa da matakin teku, kuma bayan ambaliyar daren 31 ga Janairu, 1953, wadda ta halaka mutum 1,836, suka tashi haiƙan suka gina madatsai masu ƙofofin ƙarfe a bakin kogunansu, suka kuma buɗe makarantar nan ta Delft a 1957 don koyar da injiniyoyin wasu ƙasashe abin da masifa ta koya musu. Amma a Babbar Kasuwar Njamena ba da wannan aka san su ba. Mata sun san su da atamfar Vlisco, ta kamfanin da ke buga yadi a garin Helmond tun 1846, masu shayi sun san su da madarar Peak, dattawa kuma sun san birnin Heg, inda Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 3 ga Fabrairu, 1994, cewa zirin Awzu na Chadi ne, ba na Libiya ba. Alhaji ya kan ce cikin raha, shekara arba'in yana ganin atamfarsu tana shigowa garin nan, bai taɓa jin an tambaye ta takardar haihuwa ba.

Ga yadda al'amarin yake, kamar yadda na fahimce shi daga takardun da yaron ya baje mini a tabarma bayan sallar isha'i. Hukumar da ke ba da iƙama a can, wadda suke taƙaita sunanta IND, ba ta karɓar roƙo daga hannun ɗalibi. Tun daga 1 ga Yuni, 2013, doka ta ɗora wannan nauyi a kan wanda ya gayyato baƙon, makaranta ce ko kamfani, da sharaɗin hukuma ta riga ta amince da shi ta sa sunansa cikin rajistar masu lamuni, wadda kowa ke iya dubawa a intanet. Makarantar ce za ta tattara kwafin fasfo, da hujjar kuɗin ci da sha, da takardar da ɗalibi zai sa wa hannu cewa ba a taɓa kama shi da babban laifi ba, da alkawarin zai yarda a gwada shi ko yana da tarin fuka, ta miƙa su gaba ɗaya, ta nema masa izinin shiga da na zama a lokaci guda. Doka ta ba hukumar kwana 60 ta yanke hukunci, amma galibi idan takardu sun cika, mako biyu ya kan wadatar. Bayan haka ma lamunin bai sauka daga wuyan makarantar ba, domin ita ce za ta sanar da hukuma idan ɗalibi ya watsar da karatu, ko ya kasa cin rabin darussan shekara ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, kuma da wannan sanarwa ake janye iƙamar.

Da na gama sauraro na ce wa Alhaji ai wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinsa, fatoma ne aka sa wa riga da wando. A zamanin ayari falke ba ya shiga gari ya sauke kaya inda ya ga dama. Fatoma yake nema, wanda zai saukar da shi, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da masu saye, in kuwa baƙon ya ci amana ko ya gudu da bashi, fatoman za a riƙe. Malamanmu na fiƙihu ma sun yi wa mas'alar babi, inda suka yi bayanin hukuncin wanda ya shigo ƙasar Musulmi bisa aminci, cewa jininsa da dukiyarsa sun haramta muddin wa'adinsa bai ƙare ba, waɗansu suka iyakance wa'adin da wata huɗu, waɗansu suka kai shi kusa da shekara. Saboda haka ni ban ga aibi ba ga daula ta tambayi mai shigowa wane ne shi, me ya kawo shi, wa ya tsaya masa. Sai dai fatoma ya kan ga fuskar baƙonsa, sau da yawa ma ya san ubansa da kakansa, alhali makarantar Delft ba ta taɓa ɗora ido a kan yaron nan ba, don haka dukan nauyin yarda ya koma kan takarda, kuma a nan ne ɗan Chadi yake gane cewa mafi wuyar aikin iƙamar Holan a Njamena ake yin sa.

Asalin kowace takarda ita ce ta haihuwa, domin ba a samun lambar ɗan ƙasa daga hukumar ANATS sai da ita, ba a samun fasfo sai da lambar, kuma hukumar garin da mutum zai zauna a Holan tana iya neman ganinta. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Chadi ta yi tare da UNICEF a 2019 ya nuna cewa cikin yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ne kawai aka rubuta haihuwarsa, kuma wannan ma ci gaba ne, domin shekara biyar kafin nan adadin bai wuce kashi 12 cikin 100 ba. Alhaji bai manta ranar da aka haifa masa ɗa ba: cikin azumin shekarar da aka karya darajar sefa ne, watau 1994, a ɗakin uwarsa, a hannun ungozoma, ranar bakwai aka yanka rago. Amma babu wanda ya je ofishin magajin gari, sai da lokacin sa shi makaranta ya yi aka nemo hukuncin kotu mai maye gurbin takardar haihuwa, magatakarda ya rubuta 1 ga Janairu, kamar yadda aka saba yi wa wanda bai zo da hujjar rana ba. Da yaron ya je Najeriya ya yi rantsuwar shekaru, sai ya faɗi watan gaskiya. Sunansa na yanka kuma, wanda sunan Manzon Allah ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, takardun Chadi sun rubuta shi Mahamat, shaidar digirinsa ta rubuta Mohammed. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin mai duba fayil a Holan kuwa mutum biyu ne masu ranar haihuwa biyu, har sai an tabbatar masa da akasin haka.

Na raka su ranar da za a yi shaidar. A ƙofar ofishin, ƙarƙashin inuwar darbejiya, marubutan takardu sun jera tebura, kowa da tarin fom da kan sarki na haraji, wani da tsohon keken rubutu, wani da kwamfuta da injin bugawa da aka jona wa batirin mota, suna tambayar mutum bukatarsa da Larabci su rubuta masa da Faransanci. Alhaji ya zo da shaidu biyu, maƙwabcinsa na tun ƙuruciya da limamin unguwa, tsoho mai dogara sanda. Da aka shiga, liman bai jira tambaya ba, ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ni na raɗa masa suna, a zauren ubansa, ana kwana goma sha ga azumi." Magatakarda ya russuna ya gaishe shi, ya ce ya gaskata shi ɗari bisa ɗari, amma shari'a tana bukatar katin shaidar mai shaida. Liman ya laluba aljihu ya fito da nasa a naɗe cikin leda, magatakarda ya duba ya yi murmushi, domin a gurbin ranar haihuwar liman ɗin abin da aka rubuta shi ne "wajen 1950". Da wannan kati aka karɓi shahadarsa, aka rubuta takardar da ke tabbatar da cewa mai sunayen nan biyu mutum ɗaya ne.

Takardar kuma ba ta zama hujja a ƙasar waje don kawai gaskiya ce a cikinta. Sai an bi ta da hatimi bisa hatimi, ofishin da ke sama ya shaida sa hannun na ƙasa da shi, ma'aikatar harkokin waje ta shaida nasu, kana wakilan ƙasar da za a kai ta su karɓa, tamkar yadda malaman hadisi suke bin isnadi, wane daga wane, in mutum guda ya faɗi a tsakani riwayar ta raunana. Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg ɗin nan ranar 5 ga Oktoba, 1961, wadda ta taƙaita wannan salsala zuwa hatimi ɗaya tak ga ƙasashen da suka shiga cikinta, amma Chadi ba ta ciki, Najeriya ma haka, don haka yaron da ke da takardun ƙasashen biyu sai ya bi doguwar hanya sau biyu. Sauƙi ɗaya da ya samu shi ne hukumar IND tana karɓar takarda da harshen Holan ko Turanci ko Faransanci ko Jamusanci ba tare da tarjama ba. Larabci, wanda shi ne ɗaya harshen hukuma a Chadi, ba ya cikin huɗun nan, saboda haka wanda ya yi karatunsa a makarantun Larabci, kuma suna da yawa a birnin, sai ya nemi tafinta mai rantsuwa ya biya shi.

Batun kuɗi kuwa lissafinsa a fili yake, tun da sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro guda sefa 655.957. Abin da hukumar Holan ke bukatar ɗalibi ya nuna na ci da sha da haya ya haura yuro 1,000 a kowane wata, ban da kuɗin makaranta, watau fiye da sefa dubu 656, alhali mafi ƙarancin albashi a Chadi sefa dubu 60 ne. Guzurin wata guda a Delft ya cinye albashin lebura na wata goma sha ɗaya. Da ba don yaron ya sami tallafin karatu wanda ya ɗauke wannan nauyi ba, da ko Alhaji, da rumbunan fatunsa, sai ya yi tunani sau biyu.

Idan hukuma ta amince, saura izinin shiga, wanda suke kira MVV, wata biza ce da ake mannawa a fasfo mai aiki kwana 90. Ba a aiko ta ta waya; wajibi ne mutum ya bayyana da kansa cikin wata uku a ofishin jakadancin Holan, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma idan babu ofishin da ke wannan aiki a ƙasarsa sai ya nufi na wata ƙasa maƙwabciya. Haka ta faɗa wa ɗan Alhaji, ga kuɗin jirgi, ga na masauki, ga zaman jiran fasfo a garin da bai san kowa ba, duk kafin ya kama hanyar Turai ta Adis Ababa ko Istambul. A nan ne na ga ma'aunin ya karkata, domin ɗan Amurka ko Kanada ko Japan ko Ostireliya ko Koriya ta Kudu an ɗauke masa MVV ɗungurungum, ya shiga jirgi ya sauka, a can a ba shi katinsa. Wanda ya fi kusa da ofisoshi da takardu shi aka sauƙaƙa wa, wanda ya fi nisa da su aka ƙara masa zango. Na yarda daula tana da ikon zaɓen wanda za ta yi wa sassauci, amma ba na kiran wannan adalci, maslaha ce.

Abin da ke jiransa a can bai kai wannan wuya ba. Cikin kwana biyar da saukarsa zai rubuta kansa a ofishin gari da adireshin ɗakinsa, a ba shi lambar da ba a buɗe asusun banki ko karɓar albashi sai da ita. Cikin wata uku a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya karɓi katin iƙama. In yana son aiki, awa 16 a mako aka yarje masa, ko cikakken aiki a watannin Yuni da Yuli da Agusta, shi ma sai mai ɗaukarsa ya nemo izini. Bayan ya gama karatu yana da damar neman ƙarin shekara guda ta neman aiki. Da ya zo kan wannan Alhaji ya gyara zama ya ce, "Duk cikin dokokinsu wannan ce kaɗai ban so ba." Yaron ya ce, "Baba, ai na sa hannu zan dawo." Alhaji ya ce ya ji.

Kafin in bar garin na ga wata mai neman iƙamar wadda sharuɗɗanta suka fi nasa tsanani, 'yar maƙwabta ce da mijinta ya daɗe a Rotadam har ya sami zama na dindindin. Kullum da hantsi ta kan shigo wurin Hajiya da wayarta, in ina zaure in riƙa jiyo ta tana maimaita kalmomin harshen Holan, masu fita daga maƙogwaro kamar ha da gain na Larabci, yaran gida suna kwaikwayonta suna dariya. Ɗalibi da ma'aikaci mai ƙwarewa ba a yi musu jarrabawa, amma tun daga 15 ga Maris, 2006, matar da za ta bi mijinta zaman dindindin, ko mijin da zai bi matarsa, sai ya ci jarrabawa tun yana ƙasarsa, kashi uku: karatu, da magana, da sanin zamantakewar ƙasar, watau tarihinta da tsarin mulkinta da sha'anin makaranta da asibiti da aiki. Kuɗinta yuro 150, sefa dubu 98 da 'yan kai, kuma a ofishin jakadanci ake zaunawa a gaban kwamfuta, don haka ita tafiyar ƙetare iyaka biyu ke gabanta, ta jarrabawa da ta biza. Aurensu da aka ɗaura a masallaci da waliyyi da shaidu da sadaki bai zama hujja ba sai da aka sake rubuta shi a ofishin magajin gari, aka bi shi da nasa hatiman. Yarinyar ta sauke Alƙur'ani, tana jin Hausa da Larabci da Faransanci gwargwado, don haka ban yi shakkar za ta ci ba, na kuwa faɗa mata. Ta ce, "Baba, jarrabawar ba ta dame ni ba kamar kwangilar aikinsa." Ta yi mini bayani cewa sakamako kan ɗauki har mako takwas kafin ya fito, kuma shekara ɗaya kawai yake aiki, a cikin shekarar nan dole mijin ya nuna albashin da bai gaza mafi ƙarancin albashin ƙasar ba, da kwangilar da ta rage aƙalla wata 12 a ranar da ya miƙa roƙon. Tasa kwangilar a watan Disamba za a sabunta ta, saboda haka suka yanke shawara ba za ta zauna jarrabawar ba sai bayan damina, don kada takardarta ta mutu kafin tasa ta fito.